Fitila Biyu a Zare Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a. Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce ni mayaudari ne, wai duk namijin da ya yi wa tsoho ƙarya don ya auri 'yarsa bai cancanci tausayi ba. Ban musa ba, Hajiya. Ki dai gyara zama ki ji inda ƙaryar ta kai ni, in da sauran zagi sai ki ƙara.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Zulkiflu, ɗan Damagaram, neman abinci ya kawo ni Injamena. A shekarar 2003 lebura ne ni a tashar duba yanayi da ke gefen filin jirgi, wadda kowa ke ce wa meteyo. Aikin ba wuya. In hura balan-balan da gas, babba, wanda hannu biyu ba sa zagaye shi, in ɗaura masa zare. Na bayan magariba kuma in ɗaura 'yar fitila a ƙarshen zaren, irin mai batirin da sai an tsoma shi a ruwa yake kamawa. Shugabanmu, Shef Idris, ya kafa ido a madubin hange mai ƙafa uku, ya duba agogo, bakwai saura kwata ta yi, ya ce, "Saki!" In saki. Shi ya yi ta bin fitilar yana rubuta lambobi, da haka ake gaya wa matuƙan jirgi inda iska ta dosa a sama. Iyakar aikin ke nan.

To wannan 'yar fitilar ce Malam Waliyyullahi ya shekara tara yana rubutawa a littafi.

Malam mai gyaran agogo ne a kasuwar Dembe, gidansa a unguwar Ambasatna. Dogo, siriri, farar jallabiya kullum da guga, agogo biyu a hannun hagu, na uku a aljihu don ya riƙa kama ƙaryar biyun. Yana da littattafan rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan boko, guda goma sha huɗu, duk cike: rana kaza, ƙarfe kaza, haske ya fito ta bayan masallaci, ya nufi waje kaza, ya ɓace bayan minti kaza. Yana da tsofaffin mujallun Faransanci da ya tsinto wajen 'yan gwanjo, masu hoton faranti mai tashi da wasu mutane masu ƙaton kai. Ba ya jin Faransancin, hotunan yake karantawa. Idan aka ce masa aljanu ne sai ya ce, "Ka taɓa ganin aljanin da ke zuwa a kan lokaci?" Shi a wajensa mutanen sama ne, halittar Allah kamar mu, ai Ubangiji bai ce Injamena kaɗai ya halitta ba.

Agogona na kai masa gyara. Ya tambayi aikina, na ce leburanci a filin jirgi, ban ƙara ba. Ya ce in zo gidansa ran Alhamis in ga abin mamaki. Ranar hutuna ce, na je.

Tabarmi uku a tsakar gida, tsofaffi biyar, mata a gefen madafa, shayi na tafasa a kan gawayi. Aka idar da magariba aka zauna, kowa kai a sama. Can sai ga ta ta taso daga wajen filin jirgi, fitilarmu, wadda abokin aikina ya saki. Tsofaffi suka ɗau kabbara. Malam ya duba agogo uku ya rubuta. Ni kuwa na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini.

Sai aka ce, "A yi shiru, Hanatu za ta saurara."

Nan na fara ganinta, 'yar Malam ce. Ta naɗe jikinta da lafaya ruwan toka mai ɗigon fari, lalle ya fara koɗewa a yatsu, ba ɗan kunne, ba sarƙa. Ta zauna a kan 'yar kujera a tsakiyarmu, ta rufe ido, ta dafe kunnuwa biyu. Ta daɗe, sannan ta ce, "Sun ce a zauna lafiya da maƙwabta." Wani tsoho ya ce wallahi da shi suke.

Alhamis ta gaba na koma, kuma ba don sama ba. Ita ta kawo mini ruwan alwala a zaure.

"Ɗan Damagaram, me ya ba ka dariya wancan makon?"

"Ni? Ban yi dariya ba."

"Leɓenka har yau da tabo. Idan na rufe ido ba na rufewa duka. Me ka sani?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Balan-balan ne da fitila. Ni nake hura su."

Ta ajiye buta a hankali. "Balan-balan? Irin na yara ranar salla?"

"Ya fi shi girma."

"Ko jirgi ma bai kai ba?"

Ta toshe baki da lafaya tana dariya. Dariyar ta ƙi tsayawa, har na lura ta daina zama dariya.

A tsaye a zauren nan ta ba ni labari, da sauri, tana waiwaye. Wanta Hasan ya tafi wanka a kogin Shari bai dawo ba, lokacin tana da shekara goma sha huɗu. Malam ya daina magana, ya daina cin abinci, ya rufe rumfa, ya zauna a tsakar gida yana kallon sama wata biyu. Wata magariba haske ya wuce, ya ɗaga yatsa ya nuna, karo na farko da ya motsa don kansa. Ita kuma yarinya, ta ga ubanta na mutuwa a zaune, bakinta ya suɓuce: "Abba, sun ce Yaya Hasan yana lafiya." Ranar Malam ya cinye kwanon tuwo har ya nemi ƙari.

"Ban taɓa jin komai ba, Zulkiflu. Ko kukan sauro. Amma kashegari ya ce, yau me suka ce? Jibi ma haka. Yau shekara tara."

Ku da kuke ganin abin wasa ne, ku ji rayuwarta. Ba rediyo a gidan, kada kunnenta ya lalace. Ba ta zuwa biki saboda kiɗa. Ba ta sa ɗan kunne, Malam ya ce ƙarfe na tare saƙo. Kasuwa sai da uwarta, Inna Mairama, kuma a dawo kafin la'asar. Mata na zuwa tun daga unguwar Digel, wannan mijinta ya tafi Libiya ba labari, waccan akuyarta ta ɓata, duk a tambayi mutanen sama. A gabana wata ta kama ƙafarta tana kuka a kan ɗanta soja, Hanatu ta ce a yi haƙuri a yi sadaka, ta shiga ɗaki ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ƙawayenta duk sun yi aure, wata da 'ya'ya uku. Ita kuwa da bakinta ta rufe wa kanta ƙofa. Tana da sha tara wani mai sayar da taya, mai warin baki, ya matsa, sai ta ce wa Malam mutanen sama sun ce kada ta yi aure sai sun ba da alama. Mai taya ya tafi. Maganar ta zauna.

Inna Mairama ce ta samo mata waya a ɓoye, ana ajiye ta cikin tukunyar turaren wuta, a kashe. Inna ba ta taɓa cewa ta san gaskiya ba, ba ta kuma taɓa ɗaga kai ta kalli hasken ba. Daidai lokacin miyarta take neman gishiri.

Ga laifina na farko. Duk ranar da gas ya ƙare mana, ko hadari ya hana saki, sai in tura mata: "Yau babu." Ita kuma ta ce wa Malam, "Abba, yau ba za su zo ba." Ba su zo ba kuwa. Ni a ganina taimako nake, in rage mata zaman kujera ko na yini ɗaya. Abin da ya faru shi ne labari ya bazu cewa 'yar Malam na sanin zuwansu tun da rana. Tabarmi uku suka zama bakwai.

Wata shida muna haka, saƙo da bip, wato ka kira ka katse kafin a ɗauka. Bip ɗaya, ina tunaninka. Bip biyu, Abba na gida, kada ka kira. Ga tsohuwata a Damagaram, duk direban da zai zo sai ta ba shi saƙo, wai na haura talatin, in dawo an yi mini mata ko ta zo da kanta ta ja kunnena. Na gaji. Na tura dattawa biyu 'yan garinmu da goro. Suka dawo da goron ko ganyen ba a kwance ba. Suka ce ba a ƙi ba, ba a karɓa ba, kuma Malam na nemana.

Na sa shaddata ɗaya tilo, shuɗiya, na je. Ya zaunar da ni a ɗakinsa, agogon bango bakwai na bugawa, kowanne da nasa ra'ayin.

"Zulkiflu, ba ni da abin zargi a kanka. Kana salla, ba ka shan taba a gabana."

"Ko a bayanka, Malam."

"Na ji. Amma yarinyar nan ba ni kaɗai ke da ita ba. Za ta tambaye su. In sun faɗi alama, ni da ita kaɗai za mu sani, kai ba za a gaya maka ba. Alama ta fito, na ba ka. Ba ta fito ba, kalas, magana ta ƙare, kada ka sake taka zaurena."

Da la'asar saƙonta ya shigo.

"Me za ka iya yi da balan-balan ɗinka?"

Na rubuta, "Fitila biyu a zare ɗaya."

"Za a gani daga gidanmu?"

"In na tsawaita zaren."

Sai can: "Wannan ce ƙarya ta ƙarshe. Ana ɗaura aure zan ce kunnena ya toshe, matar aure ba ta ji. Ka fitar da ni daga gidan nan, Zulkiflu. Na gaji da rufe ido."

Ran Talata ta dafe kunne ta raɗa wa Malam cewa Alhamis haske biyu za su zo.

Akwai abin da ya kamata in lura da shi ban lura ba, don ni baƙo ne. Mutanen gidan nan ba irinmu ba ne da muka zo jiya da jaka a kafaɗa. Kakanninsu mahajjata ne da suka fito daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, guzuri ko lafiya ya ƙare musu a nan, suka zauna. An fi shekara tamanin, amma ka tambayi Malam ɗan ina ne, sai ya ce, "Muna kan hanya." Maƙwabta duk sun yi ginin siminti, shi kowace shekara yaɓe yake sakewa, wai wanda zai tashi me zai yi da siminti. Ni na ɗauka salon maganar tsofaffi ne, irin yadda mu ma kullum muke cewa bana za mu koma gida.

Alhamis na roƙi abokin aikina muka yi musanyar hutu. Watan Agusta ne, an yi ruwa da rana, sama ta washe tas. Na auna zare gaba ashirin tsakanin fitila da fitila. Shef Idris ya fito yana sakace, ya tsaya.

"Da shunu? Wannan mene ne? Biki ake?"

"Batiran nan sun tsufa, Shef. In ɗaya ta mutu ɗaya na nan."

"Shi ne ka ba su tazara kamar masu gaba da juna?"

"Kada zafin ɗaya ya taɓa ɗaya."

Ya kalle ni daga sama har ƙasa. "Tun yaushe ka zama injiniya? Ƙara gas, nauyi ya ƙaru. In lissafina ya ɓaci kai za ka je ka tuƙa jirgin." Ya ɗaga kai ya dubi tutar iska. "Yau daga yamma take sak. Wannan balan-balan sai Abeshe, can gabas."

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Daga yamma sak na nufin za ta bi ta saman Ambasatna, tsoho ba zai ce bai gani ba. Ni da nake cin abinci da iska, ban tsaya na tambayi kaina mece ce gabas a wajen mutanen gidan nan ba.

Na tsoma batir biyu, suka kama. "Saki!" Na saki. Suka tashi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, iska ta kwantar da zaren, suka bi juna suka miƙe kan gari. Minti biyar wayata ta fara bip, ɗaya, biyu, uku, har tara. Sai saƙo: "Inna na guɗa. Abba na kuka. Ka zo gobe da hantsi."

Juma'a da hantsi tun daga kan layi nake jin ƙamshin turaren wuta. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa dardumar baƙi. Inna Mairama ta tare ni da kofin karkanji, zoɓon can, mai sanyi, ta ce, "Sha, ɗana, ka rame kamar kai ne ka yi aikin." Na ƙware. Hanatu ta fito da sabuwar lafaya ja mai zaren zinariya a baki, ta wuce ni da tire, ta ce ƙasa-ƙasa, "Angon balan-balan, an wuni lafiya?" Ban taɓa ganin ta yi tafiya haka ba, kamar an sauke mata buhu.

Malam ya rungume ni a gaban tsofaffi. "Na ba ka. Juma'a mai zuwa a ɗaura." Aka shafa fatiha. Na fara yunƙurin miƙewa in yi godiya, ya ce, "Zauna, ban gama ba."

Ya buɗe littafi na sha huɗu.

"Shekara tara haske ɗaya nake gani. Rani ya yi yamma, damina ya karkata nan ya karkata can, kamar mai neman gida. Jiya biyu. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, tazararsu ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, sai ka ce an ɗaure su da igiya."

Na sunkuyar da kai.

"Kuma ina suka nufa? Gabas. Alƙibla. Jama'a, kun san kakana Abdulmutallib. Ya fito daga Haɗeja shi da matarsa Rakiya, su biyu, shi a gaba ita a baya. A garin nan ta rasu, ya kasa ɗaga ƙafa. Da zai cika ya bar wasiyya: jininsa, mata da miji, su ƙarasa masa hanyar ta ƙasa, yadda ya faro ta. Ubana bai yi ba. Ni ban yi ba, kullum in ce baɗi. Jiya an aiko. Ana gama biki za mu tashi, ni da su biyun nan. Abeshe, Adare a bakin iyaka, mu ƙetare Sudan har bakin teku. Rumfata tun da sassafe na miƙa wa maƙwabcina makulli."

Tire ya suɓuce daga hannun Hanatu, kofunan shayi suka tarwatse.

Inna Mairama ta fito da muciya a hannu. "Malam, Adare? Mutane na gudowa daga can da yara a wuya, kai can za ka kai mini 'ya? Ɗaya ruwa ya ci, ɗayar ka miƙa wa bindiga?"

"Mairama, koma madafa."

Na ce, "Malam, yaƙi ake a hanyar nan. Akwai jirgi, in Allah ya hore sai mu..."

"Wasiyya ta ce ta ƙasa. Wanda ya kira mu ya san da yaƙin."

Hanatu ta durƙusa a cikin fasassun kofuna. "Abba, ni aure kawai suka ce mini. Ba su ce tafiya ba."

"Ke kunne ce, ni ido. Ke kin ji aure, ni na ga hanya. Kuma a can aka fi buƙatarki. Kowace magariba ke za ki gaya mana inda za mu bi da inda za mu kauce."

Kun ji? Yarinyar da ba ta taɓa jin komai ba ita za ta nuna mana hanya a tsakanin masu bindiga. Ta ɗago ta kalle ni. Ni kuwa na san da hannuna na auna zaren nan.

Na ce a ba ni minti biyar da Malam. Muka shiga ɗakin agogo. A aljihuna akwai fitila ɗaya da na zo da ita in ba Hanatu ta ɓoye, mu riƙa dariya in mun tsufa. Na fito da ita, na tsoma batirin a kofin ruwansa. Ta kama.

"Malam, ga mutanen samanka."

Na faɗa masa duka, ban sassauta ba. Balan-balan, gas, Shef Idris, bakwai saura kwata. Na ce jiya ni na ɗaura biyu, don ina son 'yarsa. Abu ɗaya na ɓoye, Hanatu da wayarta.

Bai yi ihu ba. Ya ɗauko gilashin gyaran agogo ya maƙala a ido, ya juya fitilar gaba da baya, ya shinshina ta. Ya jawo littafi.

"Watan Mayu na bana, kwana huɗu ba su zo ba."

"Gas ya ƙare. Motar kaya ta maƙale a Kuseri, bakin iyaka."

"Ran sallar layya ta bara sun makara minti ashirin."

"Shef ya tsaya cin nama."

Ya rufe littafin. Agogo bakwai na bugawa. Na ga wuyansa ya yi laushi, na ga tsufa ya sauko masa gaba ɗaya. Na ce a raina, Zulkiflu ka kashe mutum. Amma na ce gara haka, gara ya tsane ni yana zaune a Ambasatna.

Can ya ɗago.

"Wa ya gaya maka alamar biyu ce?"

Wannan ban shirya mata ba. Alamar shi da Hanatu kaɗai suka sani. In na ce ita, na tona wayar, na tona shekara tara, na sake jefa masa Hasan a ruwa, kuma 'yarsa ce za ta zama ta yi, ba ni ba.

"Ba wanda ya gaya mini."

"Hanatu ba ta fita. Gidan nan ba waya. Ko Mairama ban faɗa wa ba. To?"

"Haka kawai ya zo mini."

"Haka kawai ya zo maka. A ina?"

"A kai."

Ya cafke wuyan hannuna, tsoho amma riƙon kamar na filaya.

"Balan-balan naku ne, na yarda. Hannu naka ne, na yarda. Tunanin fa? Ran Talata aka sa shi a kan Hanatu, ran Alhamis aka sa shi a naka. Su da ke sa magana a kan mutum, sai su rasa wanda za su aika ya kunna musu fitila? Ashe kai ma kana ji, ɗana!"

"Malam, ni lebura ne."

"Ita ma 'yar mai gyaran agogo ce."

Yana murmushi, amma idonsa ba na mai murna ba ne. Har yau ban san ko ya yarda da maganarsa ba, ko roƙona yake in bar masa ita.

Ya ɗaga murya, "Hanatu!"

Ta shigo da wani tiren, ido jajir. A bayan labule take tun ɗazu, na gane daga fuskarta.

"Zan gwada abu ɗaya, daga shi ba na sake tambaya. Ku biyu ku tambaye su ranar tashi. Kowa ya raɗa mini a kunne shi kaɗai. Bakinku ya zo ɗaya, aure na nan, tafiya na nan. Ya saɓa, to an yi mini ƙarya a gidan nan, kuma ba wanda zai fita ɗakin nan sai na san tun yaushe."

Ta sunkuya ta raɗa masa. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya juyo ya miƙo mini kunne, furfura a cikinsa, ƙamshin man agogo a jallabiyarsa.

Ta saman kafaɗarsa na hango ta. Ta rungume tire a ƙirji, yatsu uku a miƙe a bakinsa, sauran a naɗe. Lahadi, Litinin, Talata. Hawaye na zuba, ba ta gyaɗa kai ba, ba ta girgiza ba. Ban san ko cewa take in faɗa ba, ko nuna mini take don in kauce.

In na faɗi wata rana, ba tafiya, ba yaƙi, ba aure. Ni in fita in koma hura balan-balan, ita in bar ta a ɗakin nan da ubanta da tambayarsa. In na faɗi tata, ta zama matata, mu kama hanyar da kowa ke gudowa daga cikinta. Ku kuna zaune a inuwa kuna da lokacin tunani. Ni numfashi biyu nake da shi.

Na sa bakina a kunnen tsohon na ce, "Talata."

Ya miƙe da kabbara har hularsa ta faɗi, ya fita tsakar gida ba takalmi yana kiran jama'a su zo su ji. Muka rage ni da ita.

Na ce, "Haka kike so in ce?"

Ta ajiye tiren.

"Ban sani ba, Zulkiflu. Ka iya tafiyar ƙasa?"

A waje mata sun ɗau guɗa, ta cikinta ina jin kukan Inna Mairama. Na ƙirga a yatsa. Daga wannan Juma'ar zuwa waccan Talatar, kwana goma sha ɗaya ne.